Busar Kakanka Ba Ta Shiga Kati Ba

Mijina Ishaya,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya Legas, yaya aiki, yaya yarinyar da ta ƙwace mini kai? Mu muna nan lafiya, sai ciwon gwiwa.

Ga kacici-kacici: wane rumbu ne aka faɗaɗa shi bayan hatsin ya ƙare?

Na'urar sa katin waƙa da ka aiko ta iso. Mai gyara a Kafanchan ya sa ta a tsohon injin kiɗan marigayi kakanka, ya ce yanzu kati ɗaya zai ɗauki waƙoƙin ƙasar nan duka. Da ya zo kwashe busar ƙahon kakanka daga tsofaffin faya-fayan, sai ya tarar damina ta riga shi, duk sun yi fumfuna. Ya goge, ya hura musu iska, ya gwada, shiru.

Na je wurin Baba Yohanna ko zai sake busa mana, don shi kaɗai ya rage cikin abokan busar kakanka. Ya buɗe mini baki, ba haƙori ko ɗaya. Muka yi ta dariya, na dawo gida na kasa cin tuwo.

Kada ka sa ran jin kakanka ranar aurenka. Ku sa mu a addu'a, ka gai da yayarka Rahila. Ni ce kakarka Saratu.

Rumbun nan injin kakanka ne.