Waken Hamidu

Garin Tawa, daren Laraba

Yau na koma masallacin unguwa, karon farko tun da aka yi mani aikin ciwon dajin hanji a Yamai. Liman ya ce sallata ta yi ko da jakar nan ta bayan gida manne a cikina, in dai na sabunta alwala kowace salla. Duk da haka sahun baya na tsaya, ɗinkin yana ja na.

Muna cikin sujada da la'asar, jakar ta yi ƙara. Ba ni da ikon riƙe ta. Kowa ya ji. Goshina a ƙasa, na so kar in ɗago.

Sai Hamidu mahauci, da ke damana, ya fita sahu ya nufi buta. Bayan sallama ya dawo da ruwa a gemu yana cewa, "Ku yi haƙuri jama'a, wake na ci da rana." Aka yi dariya. Bai dube ni ba.

Daga liman sai matata Rabi suka san zancen jakar, kuma ta rantse ba ta gaya ma kowa ba. To ina ya sani? Ko wari ya kore shi? Ko waken ne da gaske?

In na yi mashi godiya na tona kaina, in na yi shiru na bar shi ɗauke da kunyata.

Sau biyu na ɗauki takalmi da isha'i in tafi masallaci, na aje. Ɗazu ya aiko yana tambaya ko lafiya. Wai da asuba in zo kusa da shi, ya tsare mani wuri.