Zanen Huraira yana hannun Alkasim

Yaya Maijidda, ina gaisuwa. Ina Inna da ƙafarta, da mutanen Dungas?

Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon baya. Tsohon sarkin garin nan ya rasu, an hana cin kasuwa sai bayan makoki. Alkasim mai kai mana kaya kasuwa an sallame shi ya zo gida. Ni kuwa wai in zauna a marina ina motsa ruwan baba na rini, kada ya mutu. Ai tare muka zo!

Zanen da na rina wa Huraira yana wurin Alkasim. Ki karɓa ki kai mata da kanki, kin san shi ma yana sonta. In ya ce shi ya rina, ta dubi hannunsa, ta ga ko akwai shuɗin baba.

Ƙaninki Labaran.