Azumi Talatin na Ummi

Alhamis, 27 ga Fabrairu, 2025

Ummi ta kafa mana doka yau muna cin tuwo: bana azumi talatin cur za ta yi. Ta gaji da rabi-rabin da uwarta ke cewa za ta ɗinke mata. "Shekara huɗu ban ga ɗinkin ba, ina allurar take?" Na yi dariya har na ƙware.

Shekara goma sha biyu ke nan. Yarinyar da ta zo a wata bakwai, kilo ɗaya da 'yar ɗoriya, wadda na kasa ɗauka don tsoron kada in karya ta. Sunan mahaifiyata na raɗa mata tun a ranar, don ban zaci za ta kai suna ba. Ga ta yau tana yi mana gardama.

Uwarta Mairama ta ɓata rai. Wai a fara kai ta gwaji, tunda likitan Kaduna ya ce duk shekara a duba jini da fitsari. Shekara shida ba mu je ba saboda 'yan bindigar hanyar daji. "To yanzu hanya ta buɗe, Malam, saura wane dalili?" Na ce yarinyar da ke tsere da awaki wane gwaji take nema?

Asabar, 1 ga Maris

Ta kai! Da ƙyar, amma ta kai. Ni na sa mata dabino a baki.

Talata, 4 ga Maris

Huɗu. Na faɗa a ofishin malamai. Malam Ƙasimu ya ce ɗansa ƙato guda ba ya wuce azahar. Na ce tawa bakwaini ce amma talatin za ta yi, ku rubuta ku ajiye. Ashe Ummi tana bakin ƙofa da littattafan ajinsu. Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Bakina ya yi yawa, na sani. Amma shekara nawa ana yi mata kallon tausayi?

Juma'a, 7 ga Maris

Kwana biyu tana ciwon kai. Na sayo ƙwayar ciwon jiki a kemis, ina ba ta bayan shan ruwa. Mairama ta aika aka kira Rosaline, nas ɗin da ta karɓi haihuwarta. Ta auna hawan jinin Ummi sau biyu, ta dube ni. "Malam Shafi'u, wannan awon na dattijo ne, ba na yarinya ba." Ta ƙwace ƙwayar, wai irinta na cutar da ƙoda. Ta ce a dakatar da azumin. Na ce a bari mu ji ta bakin likita tukuna.

Rosaline dai tun Ummi na cikin kwalbar bakwaini a asibiti take yi min faɗa.

Litinin, 10 ga Maris

Kaduna. Tafiya lafiya, ban da zafi.

Likitar yarinya ce ƙarama, amma ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce ƙoda a makonnin ƙarshe na ciki take gama haɗuwa, Ummi kuwa ta fito ba a gama ba. Ƙaramar rariya ce aka ba aikin babba, jiki na girma, aikin na ƙaruwa. Har ta fara yoyo, sun gani a fitsari. Ba ta lalace ba, Alhamdulillahi, amma sai an lallaɓa ta tsawon rai. A rage gishiri, ban da maganin kemis, ban da zama da ƙishi. Azumi bana babu. Mu koma bayan wata uku.

Na ce, "Likita, ta yi tara fa." Ta ce, "Shi ya sa kuke nan."

A mota Ummi ta yi barci a kafaɗata. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Yaushe rabon da in lura?

Talata, 11 ga Maris

Liman ya ce ko baligi ne an yi masa sauƙi, balle ita. Na san haka. Ni nake karantar da shi a aji.

Alhamis, 13 ga Maris

Mairama ta kama Ummi tana juye ruwan kofinta a gindin zogale. Kwana biyu ashe tana azumi a ɓoye, abincin ma kaji ke ci. Raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, ai kai ka ce musu su rubuta."

Na shiga ɗaki.

Wallahi kunya na ji. Ita tana tsare min baki, ni da ya kamata in tsare mata ƙoda.

Juma'a, 14 ga Maris

Na tsaya a ofis na ce maganar talatin ni na janye ta, ba ita ba. Ba wanda ya yi dariya. Ban so shirun ba, gara dariyar.

Lahadi, 16 ga Maris

Ba wai na ce Mairama ta fi ni gaskiya ba. Na dai rubuta ranar komawa asibiti a bango, inda zan riƙa gani.

Da rana tsaka na ɗebo ruwan randa da kaina, na zaunar da Ummi a inuwa. Na ce, "Uwata, umarni nake ba ki." Ta karɓa tana harara. Ta kai baki, sai ta tsaya.

"Baba, juya baya, kada in sa ka kwaɗayi."

Maƙogwarona a bushe yake ƙamas, gaskiya ne. Ban juya ba. Na zuba mata ido har ta shanye, na karɓi kofin na ƙaro mata.