Mijina Wuta Ba Ta Kama Shi

Hajiya Rakiya, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Mijina, Malam Ɗahiru, mai gyaran lantarki ne a Ƙofar Kibo, kuma duk birni an san wuta ba ta kama shi. Ana cewa laƙani ya gada wurin kakansa. Ni dai ban taɓa tambaya ba.

Da bazarar bana na gani da idona a gidan yayata Hajo. Ya zo duba wayar ƙasa, wadda ake ɗaure wa ƙarfen da aka binne da gawayi da gishiri don ta kwashe wutar da ta ɓalle. Da yake an ɗauke wuta, sai ya kwance ta hannu tsirara. Tana hannunsa aka kawo wuta! Fanka ta tashi, rediyo ya kama magana, mata muka sa salati. Shi ko gezau, har yana zolayar Hajo wai shayinta ya fi lantarki zafi. Wallahi na ji girmansa ya cika min ido, har yau kunyar kallonsa nake.

To ga damina ta sauka, kuma ran Asabar zai je gidan Alhaji Nasidi, inda famfon tsakar gida ke fizgar mutane. Ƙanena Garba, mai karatun injiniya a Samaru, ya ce abin da ya faru a gidan Hajo sa'a ce kawai. Na yi masa tas, amma gabana bai daina faɗuwa ba. In na yi magana, kada ya ce na raina baiwarsa. In na yi shiru fa? 'Ya'yanmu huɗu.

Mai Zullumi, Zariya, Yuli 1992

Amsa:

'Yar'uwa, lantarki abin al'ajabi ne: ba a ganinsa, ba a jin tafiyarsa, ga shi yana juya fanka. Dole wanda ya iya da shi ya burge ki, kuma ban raina gwanintar maigidanki ba. Batun laƙani na bar wa malamai.

Amma na tuntuɓi wani tsohon ma'aikacin lantarki, ya ce Garba ya yi gaskiya. Wayar ƙasa ba ta ɗaukar wuta sai in wani abu ya lalace a gidan. Gidan Hajo lafiya yake, ƙasa kuma a bushe. Famfon da ke fizga kuwa shaida ce wuta na yawo, ga ƙasa jiƙe sharkaf. Wanda ya kwance wayar a haka, jikinsa ne zai zama hanyar wutar.

Ɗaukewar wuta ba kashewa ba ce, don mai kawo ta ba ya sallama. Sai maigidanki ya kashe babban makunni, ya zare fiyus ya sa a aljihu, ya gwada da na'urar awo wadda ya tabbatar tana aiki, sannan ya taɓa. Ya sa takalmin roba busasshe da safar hannun aiki, a hana kowa zuwa famfon, wani babba ya tsaya kusa.

Kada ki ja da baiwarsa. Ki ce masa ko mai laƙani an umarce shi ya ɗaure raƙuminsa kafin tawakkali, kuma masu koyi da shi ba su da kakansa. In ya yi fushi, ki jure. Fushin miji kwana biyu ne, takaba wata huɗu da kwana goma.

Allah Ya tsare shi, Ya bar ku tare.