Rubutun da Ba a Sha Ba

Maijirgi, ran Lahadi

Zuwa ga Yaya Kubra,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da ɗalibanki 'yan lakkol. Na rubuto ne don maganar ba ta wayar salula ba ce, kowa kunnensa a buɗe yake.

Matata Huda ta sauka jiya, namiji. Amma Yaya, yaron fari ne fat, har gashin kai. Zabiya ne. Yayyensa biyu baƙaƙe ne kamar ni, kuma babu zabiya a gidanmu, babu a gidansu. Baba Salifu, ƙanen Baba, ya ce kar in yi gaggawar sayen ragon suna. Na gane nufinsa. Ke kike koyar da ilimin jikin mutum. Daga ina yaron nan ya fito?

Ƙanenki, Maharazu

Tasawa, ran Litinin

Maharazu,

Barka da arziki, Allah ya raya. Ka gaida mani mai jego.

Ka natsu. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma cikin kowace akwai rubutu, muna ce mashi ADN. Rabi daga uba yake, rabi daga uwa. In ƙwayar za ta yi aiki, sai ta kwafi layi guda, ta bi shi ta harhaɗa wani abu da ake kira furotin, kamar tela da awo. Akwai furotin mai sa fata ta yi baƙi. A wurin yaron, layin nan yana da kuskure, a naka rabin da na Huda duka. Ku bai nuna a jikinku ba don kowannenku yana da ɗaya mai kyau. Ɗanka ne. Je ka sayi rago.

Yayarka, Kubra

Maijirgi, ran Laraba

Yaya,

Gaisuwa. Takardarki ta zo, kuma kaina ya ƙara kullewa. Da na ga kin ce rubutu, sai na tambayi Huda wane malami ya ba ta rubutu ta sha da cikin. Ta ce sau ɗaya innarta ta kawo mata na sauƙin haihuwa. Na ce to ga shi nan, malamin ya yi kuskure a allo, Yaya ta faɗa. Ta yi ta kuka. Da safe innarta ta kwashe su, ita da yaron, sai garinsu, Kanan-Bakashe.

Abin da ya ɗaure mani kai, kin ce nawa ma da kuskure, ni kuwa rabona da shan rubutu tun ina yaro. Kuma tunda kwafa ake yi, ba a samun wanda zai gyara layin? Baba Salifu dai ya ce gidanmu babu kuskure.

Maharazu

Tasawa, ran Alhamis

Maharazu,

Inna lillahi! Ba wannan rubutun ba! Babu tawada, babu allo, babu malami. Ni na ce rubutu don ban sami wata kalma ba. Da shi aka halicce ka tun kana cikin Inna, daga gare ta ko daga Baba, ban san wane ba. Wataƙila ni ma ina ɗauke da shi. Ba a sha, ba a gogewa, kuma ba laifin kowa ba ne. Huda ba ta yi komi ba. Ka bar Baba Salifu da maganarsa, ka bi matarka yau. Zan same ku can.

Kubra

Kanan-Bakashe, ran Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa. Mun ji motarku ta lalace a hanya, Allah ya kiyaye gaba. An yi suna nan gidan surukai, ni na yanka ragon. Sunansa Abdulƙarim.

Gaskiya har yanzu ban gane yadda ake rubutu babu mai rubutawa ba, amma na bar shi. Huda ba ta yi mani magana ba sai yau da hantsi. Ta ce in tambaye ki: in rabi nawa ne rabi nata, don mi ita kaɗai aka tuhuma? Ta kuma ce ba ta komawa Maijirgi sai ta ji amsa.

Ki huta lafiya.

Maharazu