Danshi a Buhunan Masarata

Litinin, 6 ga Oktoba

Gona da gumina na saye ta. Sito ni na gina shi, bulo bayan bulo. Injin sussuka, motar ɗaukar kaya, gidan nan, karatun yara, har da ciyar da iyalin marigayi yayana. Ba wanda ya ɗaga mini ko tsinke. A sakandare na tsaya, amma ban taɓa tsayawa ƙofar wani ba.

Abin da ya sa na tuna duk wannan, malamar gona ce ta zo yau muna shanyar masara. Wai gwamnati ta buɗe rumbu da injin busar da hatsi kyauta ga manoma, marasa ƙarfi kuma a sayar musu da hatsi da rahusa. Ta zaro wata 'yar na'ura, wai ta auna mini danshi. Na ce, "'Yata, tun ba a haife ki ba haƙorina ke wannan aikin. In ƙwaya ta ce ƙas, ta bushe." Ta ce, "To Baba, Allah ya bar mana haƙorin." Yarinyar da baki.

Alhamis, 9 ga Oktoba

An ɗinke buhuna, an jibge a sito. Hadari ke ta haɗuwa, shi ya sa na hanzarta.

Turmin haƙorin da nake gwaji da shi an cire mini shi watan jiya. Ban gaya wa leburori ba. Da haƙorin gaba na ciji ƙwayar. Kamar ta ce ƙas. Kamar dai.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na bi ta gaban rumbun gwamnati. Layi har bakin titi, maza da gemunsu riƙe da buhu. Na ɗaga gilashin mota. Allah ya raba mu da layi.

Talata, 4 ga Nuwamba

Uwar yara ta ce sito yana wari. Na ce hancinki ne.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Ba hancinta ba ne.

Na farke buhu ɗaya daga tsakiya, na tura hannu. Zafi kamar jikin mai zazzaɓi. Ƙwaya ta dunƙule, ta yi kore da fumfuna. Na farke wani, haka. Wani ma haka. Na zauna a kan sikeli, ban san iya zaman da na yi ba. Abincin gida biyu ne na shekara, har da irin baɗi.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Uwar yara ce ta kira malamar gona, ba da izinina ba. Ta duba, ba ta ce mini "ai na faɗa" ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce wadda ta yi kore guba ce, ko kaji kada a ba. Buhunan gefe za su tsira in an kai inji da wuri.

Da rana wani dillali ya zo. "Maigida, a niƙa kawai, gari ba ya tona asiri." Na kore shi. Amma ban kore shi nan take ba, sai da na bari ya gama magana. Wannan ke damuna.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Ranar da nake aika wa matar yayana hatsin wata. Na je hannu wofi, na rasa ta inda zan fara. Ita ta riga ni: "Baban yara, kwantar da hankalinka. Na je rumbu, na samo mana." Ta ɗebo mini kwano guda wai in kai gida. Na karɓa. Ban san yadda aka yi na karɓa ba.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Na kai buhunan gefe inji. Ba wai taimako na je nema ba, so nake in ga ko injin nasu yana aiki. Yana aiki.

Na bi layi. Wanda ke gabana ya taɓa yi mini lebura. Ya matsa zai ba ni wuri, na ce ya tsaya inda yake. Mun ɗan taɓa hira kan ruwan bana. Mutumin kirki ne ashe.

Uwar yara, da ta biyo ni, ta raɗa wa akawun rumbu ya sa sunanta a buhunan, kada mutane su yi da ni. Na ce a'a. Masara tawa ce, kuskuren ma nawa ne. Na ce masa, "Ɗana, goge wancan. Nawa za ka rubuta, cikakke, har da na mahaifina. Da manyan baƙi, yadda na bayan layi zai iya karantawa."