Ruwan Da Na Dafa Wa Aisa

Shetimari, 4 ga Maris

'Yata Aisa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ya karatu da zafin Yamai? Mu nan sai godiyar Allah, ban da tattasan babanki da yake ta yaushi ko an ba shi ruwa.

Ga ruwan Komadugu da kika ce in aiko miki don bincikenki, na ba direba. Da na ɗebo na ga kamar kunun laka, na ce wallahi 'yata ba za ta buɗe wannan a gaban malamanta ba. Na tace shi da mayafi, na tafasa shi sosai. Yanzu garau yake, ko baƙo sai ya sha.

Taki,
Yagana

19 ga Maris

Aisa,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba. Ashe abin da kike nema yana cikin dattin. Kin ce wata ƙwayar cuta, bakteri, ita ke toshe jijiyar tattasai, kuma a kogi akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, birus, da ba ruwansu da mutum, bakteri kaɗai suke shiga su fasa shi, da haka Allah ke hana shi yawa. Ni kuwa na ɗora su a murhu.

Na gode da ba ki yi mini faɗa ba, sai dariya. Amma na gane in babu ruwan nan kafin ƙarshen wata, shekarar karatunki ta tafi, ga kogi ya janye sai yashi.

Malam Grema ne ya fisshe ni, masuncin nan da ya yi gudun hijira daga tsallaken kogi, yake zaune bayan gonarmu. Ya san wani gurbi da ba ya ƙafewa. Tafiyar rabin yini, da ciwon gwiwarsa, ya shiga laka har ƙugu ya cika kwalba uku. Ko murfin ban taɓa ba.

Mahaifiyarki,
Yagana

2 ga Mayu

Aisa 'yar albarka,

Ina gaishe ki, babanki ma haka. Alhamdu lillahi. Da na ji kwalba ta biyu ta ba da birus da ya cinye bakterin a farantin gwajinki, kuka na yi don murna. Na fahimta magani bai samu ba tukuna, babanki zai yi haƙuri. Shekararki dai ta tsira.

Kin ce wanda ya gano shi ke raɗa masa suna, kina so ki sa Yagana. Allah ya yi miki albarka, amma a'a. Ni dafa su na yi. Malam Grema ya baro gida, ya baro kwale-kwale, a garinsu babu sauran abin da ake kira da sunansa. Ki rubuta nasa.

Mai ƙaunarki,
Yagana